Idanun Malam Mele

Ina cikin takaba, shekarar samun 'yancin kai, maƙwabcinmu Malam Mele ya aiko matarsa da tsire mai zafi, ya ce in daure in ci. A tsakar gidansa a Roni yake gashi, ya shafe naman da ƙuli-ƙuli, ya jera tsinkayen gefen garwashi.

Da kuɗin mai suka shigo, 'ya'yansa suka tafi Kano. Matar ta rasu, hayaƙi ya cinye masa ido, sai da hanci yake gane nama ya gasu. Mutane na saye don tausayi, su watsar a lungu.

Wata rana ya ce mini, "Hajja Amna, kowa sai ya ce ya yi daɗi. Don Allah ɗanɗana. In ya ƙone ki gaya mini, in kashe wutar nan."