Sai-Na-Gani Mai Rediyo da Yayarsa

Duk wanda ya zauna a layin nan ya san mai gyaran rediyo bai yarda akwai Allah ba. Ba ya ɓoyewa, ba ya ma jira a tambaye shi. Ka kai masa rediyonka ka ce, "Da yardar Allah gobe zan karɓa?" sai ya leƙo ka ta saman tabarau ya ce, "Da yardar mai kawo kayan gyara dai." Tun yana saurayi aka laƙaba masa Sai-Na-Gani, sunan ya bi shi har furfura, har matarsa in ranta ya ɓaci da shi take kiransa. Amma fa kowace Lahadi, kafin a kaɗa ƙararrawa ta biyu, yana zaune a bencin gaba na coci da gogaggiyar riga, ya riga mawaƙa zuwa. Shekara talatin da ɗoriya bai taɓa fashi ba, abin da dattawan ikilisiya da yawa ba za su iya bugun ƙirji su faɗa ba.

Yayarsa ce ke kai shi. Zazzaɓi ya ɗauke mata ji tana 'yar shekara shida, shi yana ɗan huɗu. Babu makarantar da ta karɓe ta, sai su biyun suka ƙirƙiri maganarsu ta hannu a tsakar ɗaki, yau kalma ɗaya, gobe biyu. Uwarsu ta tsinci kaɗan, ubansu ya iya "zo" da "bari" ya tsaya nan, sauran duk nasu ne su kaɗai. Sunanta a maganar shi ne a haɗa yatsu biyu kamar mai zura zare a allura, domin tun tana ƙarama take ɗinki. Sunansa kuwa sosa ƙeya, kuma ba shi ya zaɓa ba.

Da iyayen suka rasu, Yaya ta ce ita ba za ta daina zuwa sujada ba, kuma ta gaji da kallon bakin Fasto yana motsi kamar na kifi. Shi ke nan aiki ya faɗo kansa. Yakan zauna a karkace, kunne wajen Fasto, fuska wajenta, hannuwa suna aiki. A yi masa adalci, bai taɓa rage mata ko Amin ɗaya ba. Abin da aka faɗa shi yake isarwa, ko da yana cizon haƙora. In Fasto ya maimaita magana sau huɗu, sau huɗun yake maimaita mata, don ita ma ta ɗanɗana abin da sauran jama'a ke sha. In an zo waƙa, har kafaɗunsa sukan shiga ciki. Baƙo ya taɓa ganinsa ya ce bai taɓa ganin mai bi irin wannan ba, matar Fasto ta yi tari har sai da aka ba ta ruwa.

Duk garin an san bai yarda da Allah ba, ita kaɗai ce ba ta sani ba, kuma a kan haka ya gina rayuwarsa. Yana ganin bangaskiyar nan ita ce abu guda da zazzaɓin ya bar mata. Ranar da ta gane ƙanenta, wanda ya yi shekara talatin yana zuba mata maganar Allah da hannunsa, bai yarda da ko ɗaya a ciki ba, ya tabbata wani abu zai karye a cikinta. Wannan ne kaɗai abin da Sai-Na-Gani yake tsoro a duniya.

Wahalar ita ce shagon ɗinkinta yana kallon rumfarsa, titi ne kawai a tsakani, kekenta kuma a bakin taga yake. Tana iya tsintar kalma ɗaya biyu a leɓen mutum. Shi kuma ba zai iya wuni bai yi gardama ba, domin kullum da la'asar Dattijo yake zuwa, tsohon malamin lissafi ne kuma babba a ikilisiya, da wata tsohuwar rediyo a hammata wadda lafiyarta ƙalau. Sai Sai-Na-Gani ya samo dabara. Da zarar Dattijo ya zauna a lungun rumfa, tsakanin matattun fankoki da tulin lasifika, sai ya ajiye ƙarfen narka dalma, ya miƙe, ya juya wa titi baya, ya goya hannuwa a baya kamar mai duba makarantu, sannan ya buɗe baki. Yana alfahari da dabarar nan ƙwarai.

"To Dattijo, mu sake lissafin nan. Uba Allah ne, Ɗa Allah ne, Ruhu Mai Tsarki Allah ne. Nawa ke nan?"

"Ɗaya."

"Shekara nawa ka yi kana koyar da lissafi? Yanzu na gane abin da ya sa yaran layin nan suka fito haka."

"Rana tana da jikinta, tana da haske, tana da zafi," in ji Dattijo, yana murɗa rediyonsa a hankali. "Rana nawa ce a sama?"

"Ita rana ai na gan ta. Jiya ma sai da ta gasa mini tsakar ka."

Wata rana kuma addu'a zai kama. "Kun ce ya san kome tun kafin ya faru, kun ce ba ya canjawa. To me kuke zuwa gaya masa kowace safiya? Tuni kuke yi masa, ko shawara kuke ba shi?"

"Matarka ta san kana sonta?"

"Ta sani mana."

"To daina gaya mata ka ga yadda za ku ƙare."

Dattijo ma yakan kawo nasa harin. Ya ɗaga rediyo ya ce, "Muryar da ke shigowa akwatin nan, ka taɓa ganinta tana tafiya a iska?"

"Ban gani ba. Amma in na murɗa nan, kullum a wuri ɗaya nake samunta, kuma abin da na ji shi maƙwabcina ya ji. Taku tashar fa? Wannan ya murɗa ya ce an ce ya yi yaƙi, wancan ya murɗa ya ce an ce ya yi haƙuri."

Haka za su yi ta yi, masu wucewa suna tsayawa suna dariya. Sai in ya ga tsohon yana neman rinjaye, ya fito da ta ƙarshe, wadda ba a yi mata dariya. Muryarsa takan sauka. "Mai iko duka, mai ƙauna duka, ko ba haka kuka ce ba? To yana ina ranar da zazzaɓi ya shiga kunnen Yayata, yarinya 'yar shekara shida? In ya iya hanawa bai hana ba, ina ƙaunar? In ya so hanawa ya kasa, ina ikon?" A nan Dattijo yakan kalli takalminsa, ya ɗauki rediyonsa ya ce sai gobe. Kullum Sai-Na-Gani ne ke ci, kuma kullum ransa a jagule yake rufe rumfa.

Ana nan sai aka kawo wata Malama ikilisiyar, matashiya mai fara'a, wadda ta yi karatun maganar hannu a makarantar kurame. Fasto ya sanar da murna cewa za ta koya wa Yaya irin ta makaranta, da duk mai so. Sai-Na-Gani ya isar da sanarwar da hannunsa. Ya yi fatan Yaya ta ce ta tsufa da koyo. Ina! Cikin wata huɗu ta fi Malamar sauri. Mata biyar na ƙungiyar mawaƙa suka shiga ajin, cikinsu har da wadda duk layin ya san magana ba ta kwana a cikinta. Yanzu yana zaune a rumfa yana hango su a tagar Yaya, hannuwa suna tashi sama suna sauka, ana ƙyalƙyala dariya, shi kuwa bai gane ko rabi ba. A mako ɗaya ya ƙona rediyon mutane biyu.

Ya tare Malama a bakin coci. "'Yata, akwai wata 'yar magana game da ni da Yaya ba ta sani ba."

"Na ji labari, Baba," ta ce, tana danne murmushi. "Ni ba zan ɗauka in kai mata ba. Amma in ta tambaye ni, gaskiya ba zan yi mata ƙarya ba."

"Ku dai masu bi ɗin nan, a inda ake buƙatar ƙarya nan kuke tuna gaskiya."

Matarsa ce ta yanke maganar da safe, tana miƙa masa ruwan wanka. "Maigida, ka yi shekara talatin kana faɗa wa duk wanda bai tambaye ka ba. Je ka faɗa wa wadda ya kamata, kafin ta ji a hannun wani."

Da hantsi ya tsallaka titin. Taku goma sha biyar ne, ya yi su kamar mai zuwa wajen mai cire haƙori. Yaya tana kan keke tana kalmasa bakin wata riga. Ya tsaya inda za ta gan shi, ya ɗaga hannuwa. Ya nuna sama, ya dafa ƙirji, yadda suke kiran Allah tun suna yara, sannan ya kife tafin hannu. Ya ce mata bai yarda ba, bai taɓa yarda ba tun da ya yi wayo, duk abin da ya isar mata a coci na Fasto ne, babu nasa a ciki. Ya roƙe ta gafara.

Yaya ba ta tsayar da keken ba sai da ta kai ƙarshen layi. Ta ciji zare, ta ninke rigar, sannan ta amsa da hannu ɗaya. "Na sani."

"Malama ce ta faɗa miki?"

"Malama jiya ta zo. Na sani tun kafin ka yi aure."

Ta miƙe, ta juya masa baya, ta goya hannuwa, ta turo ciki gaba yadda yake yi. Sai yatsunta suka fara aiki a bayanta: uku, ɗaya, sama, ƙirji, kife tafi. Sai-Na-Gani ya gane kansa take kwaikwayo. Hannun da ya saba bin kowace magana shekara da shekaru ba ya jiran izinin mai shi.

Ta juyo tana share hawayen dariya. "Bakinka yana can yana yi wa Dattijo, hannuwanka suna nan suna yi mini, kalma ba ta faɗuwa ƙasa. Ta rana da tsakar ka ta sa na ɓata wuyan rigar mutane. Nasa ɓangaren ne kawai ba na samu, sai in cike da kaina. Ina jin na fi shi iya ba ka amsa."

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa ba, Yaya?"

"In faɗa ka ji kunya ka daina raka ni? Kuma wa zai riƙa ba ni dariya da la'asar?"

Ya fara murmushi, nauyin yana sauka daga kafaɗarsa. Amma ita fuskarta ta canja. Ta koma ta zauna, ta haɗa yatsu biyu kamar mai zura zare a allura, ta riƙe su a gabansa har ya kasa kallo.

"Abu ɗaya ne ba na yi wa dariya. Kullum da ni kake rufe gardama. In ka ga za a ka da kai, sai ka ɗauko kunnena ka buga wa tsohon nan, ya yi shiru, ka ci. Ina nan zaune ina kallon sunana a bayanka. Kunnen nawa ne. Ka taɓa tsallako titin nan ka tambaye ni yadda na ji da abin?"

Bai taɓa ba. Ya lalubi ko sau ɗaya a ransa bai samu ba.

"Tambayar nan taka na yi wa Allah ita tun ba ka iya ɗaura wando ba. Akwai shekarar da ban yi masa magana ba ko sau ɗaya, ina zaune gabanka a coci kana ta zuba mini Amin. Mun shirya, mun sake ɓatawa, mun sake shiryawa. Rigimarmu ce, ni da shi. Kar ka yarda da shi in ba ka so, ni ban taɓa sonka don wannan ba. Amma ka nemi wata hujjar, ka bar mini kunnena."

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba, da baƙin ciki a ƙarƙashinta. Ya kwashe shekara talatin yana kai mata maganar kowa, yana gadinta kamar ƙwai, bai san ta yi shekara guda cur ita kaɗai cikin fushi, a gabansa, gwiwarta tana taɓa tasa.

Daga baya ya kwashe yadudduka daga kan kujerar masu kawo ɗinki, ya jawo ta kusa, ya zauna. Ya ɗaga hannuwa a hankali.

"Wace shekara ce, Yaya?"

Ta dube shi. Sai ta ja mayafin keken ta rufe shi, ta juyo da kujerarta sosai, ta naɗe hannun riga.