Kifin Yayata a Kan Gadar Sama

Mun tashi da asuba daga Biu, ni da babbar yayata, sanyin dutsen nan namu yana ratsa riga. Maiduguri muka nufa, kuma abu ɗaya ne zai kai mu: sayen keke mai caji, irin mai ƙafa uku da bodin kaya a baya. Yayata kifi banda take sayarwa tun ina firamare. Tsadar mai ta sa masu keke suna cinye mata riba kafin kwali ya tashi daga tasha ya isa shagonta da ke can saman tudu. Sai ta rufe ido ta sayar da filin da marigayi mijinta ya bar mata. Fili ɗaya ne, babu wani. In keken ya ƙi hawa tudun nan da kaya, ta yi biyu babu.

Ta Buni Yadi muka bi zuwa Damaturu. Wanda ya san hanyar ya san ramukanta, ya kuma san shingayen bincike: a sauka, a nuna kati, a taka da ƙafa, a sake hawa. A Damaturu na sayi ƙosai na karya, na tsaya ina kallonsa a tafin hannuna. Kuɗinsa ya hau, shi kuma ya rame har ya koma kamar goro. Daga nan ƙasa ta miƙe shimfiɗe, ba tudu ba gangare, har Maiduguri. Yayata ta daɗe tana kallon waje, can ta ce, "To a ina za mu gwada shi a garin nan?" Ni ban ma yi wannan tunanin ba.

Mun sauka gidan wani ɗan'uwanmu malamin makaranta a Moduganari. Aka kawo tuwo da miyar kuɓewa busasshiya, zafin garin kuma ya ƙi barin mutum ya ji daɗinta. Shi ne ya yi mana kwatancen shaguna biyu, ya ce kuɗin kekunan nasu kusan ɗaya ne, bambancin bai kai a yi magana ba. Shi ne kuma ya tuna mana cewa hawa ɗaya tak ke garin, gadar sama.

Washegari muka fara da Kasuwar Kifi ta Baga Road. Can yayata sarauniya ce. Ko'ina "Wushe, Mama!" ake yi mata, tana amsawa da Barbarcinta na kasuwa. Ta ɗaga kifi ta shinshina, ta karya wutsiya ta duba ciki, ta yi ciniki har mai kaya ya yi dariyar dole. Ta haɗa kwalayen da ta saba ɗauka, muka yi shatar keke, muka wuce shagon farko da kayanmu.

Shago ne mai gilashi da na'urar sanyi. Keken nasu shuɗi ne, yana ƙyalli, da rediyo da ɗan allo mai nuna caji. Saurayin da ke wurin ya tarbe ni da fara'a, yana ta yallaɓai, yallaɓai, yana zuba mini bayanin nisan da keken zai yi kafin batir ya ƙare. Na ce masa ba ni ne mai saye ba, ga mai saye nan. Ya dube ta sama da ƙasa, ya ci gaba da yi mini bayani. Ya zaga da keken a tsakar harabarsu, wayam ba kaya, a kan siminti sumul. Ba ƙara ko kaɗan, wannan kam na yaba.

Yayata ta ce, "Ɗana, garinmu dutse ne. A ɗora kifina mu hau gadar sama, in ya hau yanzu zan biya."

Ya yamutsa fuska. "Haba Mama, kifi? In warin nan ya kama shi, wa zai saya kuma?"

"Ni zan saya."

"In kin biya, ki ɗora abin da kika ga dama."

Wato sai ta ba da filinta tukuna sannan ta san ko abin zai yi aiki. Wannan kaɗai ya isa ya ɓata ran mutum, amma da sauransa. Muna juyawa, ko ƙofa ba mu kai ba, na ji fis, fis a bayanmu. Na waiga, sai ga shi yana fesa turare a kujerar da yayata ta tashi a kai. Matar da a haife ta haife shi, ta haifi yayansa! Warin da yake kora shi ne ya biya mini kuɗin makaranta, shi ya ɗinka mini rigar da yake yi wa yallaɓai. Na buɗe baki zan wanke shi tas, ta riƙe mini hannu ta ce rana tana yi, mu tafi. Har yau ina jin haushin maganar da ban faɗa ba.

Shago na biyu a Mafoni yake, cikin lungu, tsakanin mai walda da mai faci. Kekensa kore ne, mummuna, ba rediyo ba allo, sai ƙarfen ƙasa mai kauri da batir da ake iya cirewa. Cajinsa ma bai kai na shuɗin nisa ba. Mai shagon dattijo ne, Babarbare, ga baki. Da jin Biu ya buga ƙirji. "Dutse? Wannan ko siminti kika cika masa, da gudu zai hau!" Bai damu da kifi ba, ya ce a loda. Ya kama tuƙi, yayata ta zauna gefensa, ni kuma na ɗare kan kwalaye a baya. Waɗanda suka san ni sun san ba ƙaramin mutum ba ne.

A kwance lafiya lau muka tafi, shiru kamar ana tura mu. Da muka fara hawa gadar sai keken ya soma wani kuka siriri, gudu yana raguwa, yana raguwa, har muka tsaya cak ana saura kaɗan mu kai ƙoli. Motoci suka taru a baya suna ta oda. Wani direban bas ya leƙo ya ce in sauka in ɗauki keken a kai. Dattijon ko kunya babu ya waigo ya ce, "Malam, kai ne matsalar. Sauka!" Na sauka. Keken ya ja a hankali, ya haye da yayata da kifinta, ni kuma na ƙarasa da ƙafa cikin rana, gumi har cikin takalmi.

Na same su a ƙasa raina a ɓace. Na ce mata mu koma gida da kuɗinmu, ɗaya ya raina mu, ɗaya ya yi mana ƙarya, duk ba na yarda ba ne. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Ƙaryar wannan na ga inda ta tsaya. Yana ɗaukar kifina da ni da direba, ba ya ɗaukar ka. Wancan me na gani?" Ta sa dattijon ya sake hawa da ita, ban da ni, ta tabbatar, sannan ta biya. Ko da ake ɗaure keken a motar kaya bai daina cika baki ba.

Dawowar ta yi mana tsawo, don motar kaya ba ta sauri, kuma kowane shinge sai an tambayi wannan wane irin keke ne da ba shi da tanki. Ban iya runtsawa ba. Gadar sama hawa ce mai santsi, tudun shagon yayata kuwa duwatsu ne da zaizayar ruwa, kuma ba a mayar da kaya in an fita da su.

Washegari da la'asar muka shiga Biu. Babban ɗanta, wanda zai riƙa tuƙin, yana jiranmu a tasha. Aka sauke keken, aka loda kwalayen, uwar ta hau gefen ɗanta. A gindin tudun ba wanda ya ce mini komai, da kaina na tsaya a ƙasa. Keken ya fara kukan nan nasa, ya yi kamar zai tsaya a wajen wani dutse, sai ya ja ya wuce.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. In kuɗin abu biyu ya zo ɗaya, ka ɗauki wanda aka bar ka ka ga gazawarsa da kayanka a kai. Wanda kuma ya ƙyamaci sana'ar da ta kawo kuɗin, kada ya ga kuɗin. Na bi tudun a hankali ina haki, keken ya riga ya sha kwana ba na ganinsa, ba shi kuma da ƙara balle in ji shi. Ƙamshin kifin yayata na bi har ƙofar shago.