Doyar Keffi a Bakin Iyaka

Shekara bakwai ke nan da rasuwar aminina Malam Isiyaku Tela, kuma tun da ya kwanta dama babu mai katse ni in na ce ni na taɓa ciyar da ƙasar Nijar. Haka nake faɗa a majalisarmu ta bakin kasuwa, inda suke kirana Gwamna, ko da yake ko a gidana ba kullum ake bin dokata ba. Nakan ce na ja ayarin tireloli tun daga Keffi, har jami'an iyaka suna sara mini. Da Isiyaku na raye, ɗago kai kawai zai yi daga kan keken ɗinki ya ce, "Gwamna, mota ɗaya ce, ita ma sai da muka tura." Gaskiyarsa. Mota ɗaya ce, ƙauye ɗaya ne, kuma abin da ya faru a hanya ya bi shi har kabari. Shi ya sa yau na ajiye wasa, ko in ce rabinsa.

Akwai wani mai shayi a kusa da shagon Isiyaku, sunansa Mamman, mutumin wani ƙauye ne can gaba da Maraɗi. Mutum ne mai ban dariya, ni kaɗai nake iya kayar da shi a surutu. A daminar wata shekara sai ya yi shiru. Ka ce madara, ya zuba maka baƙi. Isiyaku ya matsa masa, sai ya faɗa: bara ruwa ya ɗauke musu da wuri, rumbuna sun ƙare, sabon amfani bai nuna ba, mata sun koma tafasa ganye. Uwarsa da 'ya'yansa suna can.

Isiyaku ba mai kuɗi ba ne, amma mutum ne da in ya tsaya a ƙofar gidanka kunya ba ta barinka ka ce babu. Ya bi masallatai, ya bi shaguna, ya shiga Sabon Gari har majami'u. Mutanen Keffi kuwa suka yi abin da suka saba. A wurinmu, in kana son girmama mutum, doya kake kai masa. Lokacin sabuwar doya ce, sai ga ta tana zuwa a akori-kura, a baro, a ka. Alhaji Ɗanladi, wanda yake da gona a hanyar Gitata, shi kaɗai ya cika kusan rabin motar, ya kuma tsaya a gaban jama'a ya danƙa wa Isiyaku amana, ya ce doyarsa hannu da hannu zai miƙa ta ga mabukata. Babu wanda ya tambayi Mamman abin da suke ci a garinsu. Shi kuma kunya ta rufe masa baki, don wanda ake yi wa alheri ba ya cewa ba wannan ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Mu huɗu muka tashi: ni, Isiyaku, Mamman, da Oga Emeka, makanike a Sabon Gari, wanda ya ba da tsohuwar motarsa kuma ya tuƙa da kansa. Saboda ruwan sama muka lulluɓe kayan da tamfol, muka ɗaure tamau. Ni na ja igiyar ƙarshe, har ina cewa ko iska sai ta nemi izini kafin ta shiga. Ashe abin da bai kamata ba ke nan. Sabuwar doya ruwa ce zalla, iska take so. Motar ta lalace a wajen Funtuwa, muka yi zaman jiran kayan gyara. Da muka isa Jibiya aka ce takardarmu ta fita da abinci ba ta cika ba, sai mun jira a sa hannu. Rana kuwa a can ba irin tamu ba ce, takan fito ne kamar da gayya.

Oga Emeka ne ya fara ji. Ya zagaya bayan motar, ya ɗaga gefen tamfol, ya yi baya da sauri yana toshe hanci.

"Malam Isiyaku, zo ka gani. Wannan kaya ya fara dahuwa da kansa."

Tururi ne ya fito. Doyar da ke ƙasa ta yi laushi, ruwa yana ɗiga ta tsakanin katako, ƙudaje sun riga mu sani. Mamman ya tsuguna a gindin taya ya dafe kai. A nan ne ya faɗi abin da ya riƙe tun daga Keffi: ko da doyar ta isa lafiya, ba za ta kai su ko'ina ba. Ba ta ajiyuwa, tana son mai, tana son miya. Hatsi suke bukata, wato gero, wanda mace za ta daka ta dama kunu ta raba wa yara, gobe ma ta sake.

Isiyaku ya daɗe yana kallon kasuwar garin. A can doya abar marmari ce, gero kuwa ga shi nan a buhuna. Ya ce za mu sauke mai kyau mu yi musaya. Na ja shi gefe na ce, "Malam, kayan sadaka ne fa. In aka ga muna sauke shi a kasuwa, da wane baki za mu yi bayani?" Ya ce, "Gwamna, kai ne mai baki, ka tanadi bayanin. Ni zan ɗauki doya."

Bai karɓi ko sisi a hannunsa ba, wannan na gani da idona, kuma zan faɗe shi a gaban kowa. Doya tana sauka, gero yana hawa. Amma duniya ba ta da faɗi. Wani ɗan Keffi da ya je sayen awaki ya gan mu, ya ɗauki hoton Isiyaku da doya a kafaɗa yana ciniki da 'yan kasuwa, ya tura gida. Kafin la'asar hoton ya zaga wayoyin garin nan kaf. Magana zarar bunu ce.

Waya ta fara ruri. Matar Isiyaku ta kira tana kuka, wai mata sun cika mata gida da tambaya. Sannan Alhaji Ɗanladi ya kira. Ina tsaye kusa, ina jin muryarsa kamar a kunnena yake.

"Isiyaku, doyata na ba ka ko jari? Ka mayar da kayan mutane cikin mota ka juyo gida, in ba haka ba wallahi hukuma ce za ta tare ka."

"Alhaji, ka yi haƙuri, doyar tana ruɓewa."

"Ta ruɓe a hannun waɗanda na ba! Wa ya sa ka?"

Gaba kura, baya sayaki. In ya juya, ya tsira da sunansa, ya kai wa Keffi ruɓaɓɓiyar doya shaida, ƙauyen Mamman kuma su ci gaba da tafasa ganye. In ya ci gaba, ya zama wanda ya sayar da sadaka. 'Yan kasuwa sun tsaya da buhu a hannu suna jira. Oga Emeka yana kallon ƙasa. Isiyaku ya kashe wayar, ya miƙa mini, ya ce, "Riƙe. Sunana zai iya jira, doya ba za ta jira ba." Ya koma ya sunkuya.

Da aka gama, motar da ta bar Keffi maƙil ta koma ƙasa da rabi. Takarda ta fito, muka tsallaka. Ba zan ƙawata abin da muka tarar ba, ko da yake ƙawatawa sana'ata ce. Babu guɗa, babu kiɗa. Mata suka fito da ƙwarya, suka yi layi shiru. Uwar Mamman, wadda kowa yake kira Inna, ta zura hannu cikin buhu, ta damƙi geron, ta daɗe ba ta saki ba. Kafin mu juyo, ƙarar turmi ta tashi ta kowace kusurwa.

A gida kuwa babu wanda ya ji ƙarar turmin nan. Hoto suka gani. Na yi bayani har muryata ta dushe, amma wa zai gaskata Gwamna, mutumin da ya taɓa rantsuwa cewa ya kama kifi mai girman ƙofa? Ranar na san tsadar wasa. Oga Emeka ya yi shaida, aka ce ai motarsa ce, da shi aka raba. Mamman ya yi shaida, aka ce ai shi ya ci riba. Aka cire Isiyaku daga kwamitin masallacin unguwa ba tare da an ce masa komai ba, sai dai ya ga an daina kiransa. Masu kawo ɗinkin sallah suka ragu. Bai taɓa kai ƙara ba, bai taɓa rama magana ba. Bayan shekara biyu ciwo ya kwantar da shi, kwana kaɗan ya cika. Alhaji Ɗanladi ya zo jana'iza, har ya kama makara, amma ban ji ya ce komai ba, ban kuma san abin da ke zuciyarsa ba. Allah ya sani.

Yau in na ga yadda ake aikin agaji, nakan tambayi kaina me Isiyaku zai ce. Yaranmu na jami'a suna da ƙungiyoyi, suna da riguna iri ɗaya da allon sanarwa, kuma ba na raina musu, suna ƙoƙari. Sai dai buhu ba ya sauka sai an ɗauki hoto, mai karɓa ma sai ya tsaya ya kalli waya. Ina jin zai yi murmushi ya ce hoto ya taɓa kashe shi, ga shi yanzu hoto ne shaidar kirki. Ina jin kuma zai tambaye su abin da mu ba mu tambaya ba: kun ji daga bakin mutanen me suke so, ko abin da ke rumbunku kuka kwasa? Iyakar ma yau a buɗe, gobe a rufe, tsadar mota ta ninka, mu kanmu cefane ya zama kokawa. Amma na san ba zai karɓi wannan a matsayin uzuri ba. Shi a wurinsa yunwa ba ta da fasfo.

Me ya rage nasa? Keken ɗinkin yana hannun babban ɗansa. 'Yan majalisarmu, mu tsofaffin, har yanzu in damina ta yi tsanani mukan haɗa abin da ya sawwaƙa mu aika, kuma gero muke aikawa, sai mun tambaya tukuna. Sunansa kuwa, wanda ya ce zai iya jira, har yau yana jira a wasu gidajen garin nan. Ga waɗannan nake wannan rubutu. Ku ce na yi ƙarya a kan kifi, na yarda. A kan Isiyaku ban ƙara ko ƙwayar gero ba. Allah ya jiƙansa, ya sa abin da aka daka a turamen nan ya zama nauyi a mizaninsa.

Bara na raka Mamman garinsu ɗaurin auren 'yarsa. An zauna a inuwa, aka kawo fura, sai halin ya motsa. Na gyara zama na fara ba samari labarin yadda na tsaya a kasuwar Jibiya na yanke shawara, na ce a sauke doya ko sama da ƙasa za su haɗe. Inna tana gefe a kan tabarma, ta tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni. Ta sa aka matso da ni, ta ƙura mini ido, ta girgiza kai.

"Na gane ka, ɗana," in ji ta. "Ikon Allah. Ya ɗauke mai aikin, ya bar mana mai labarin."