Ƙwan Makwarwa a Ƙarƙashin Kaza

Shekarar da kakanmu ya rasu, Kawu Sale ya zo daga Maigatari a kan babur don ya tafi da kakarmu Iya. Ya gina mata ɗakin siminti, har da fanka. Mu jikokinta da ke ƙauye a gefen Gagarawa duk hankalinmu ya tashi, don in Iya ta tafi, tatsuniya ta ƙare a gidan. Kwana biyu yana lallashinta, ita kuwa ko uffan.

A dare na biyu bayan isha'i muka kewaye wuta muna gasa gyaɗa a toka, Kawu yana zaune kan turmi. Iya ta dube ni ta ce, "Kai, angon banza, matso kusa, kunnenka ba ya jin nesa." Ta buɗe tatsuniya ta ce ga ta nan tafe, muka ce ta iso lafiya.

Wai wata mata ce ta je roron wake, ta kusa taka makwarwa a kan ƙwai. Iya ba ta taɓa ambaton makwarwa ta wuce ba tare da ta yabe ta ba. Tsuntsuwa ce mai launin ƙasa, ƙirjinta da zane kamar an yi da tsinke. Ba ruwanta da sheƙa a bishiya, ɗan rami take tonawa a gindin ciyawa. Ta fi yarda da ƙafarta a kan fiffikenta, sai ka zo dab da ita take tashi fir, gabanka ya faɗi. "Kuma ba ta taɓa zuwa ƙofar kowa neman tsaba ba," in ji Iya.

Matar ta kwashe ƙwan guda shida ta sa wa kazarta, yadda ake yi da ƙwan zabi. Kaza ta ƙyanƙyashe su. Kullum ga tsaki, ga gara, ga ruwa a kasko. Da suka yi wayo, ran nan da asuba suka ji kukan 'yan'uwansu daga gona, biyar suka sulale ta ƙasan danga. Ta shidan matar ta kife ta da kwando, wai kada shaho ya ɗauke mata ita. Tsuntsuwa ta ƙi ci, ta ƙi sha. Rana ta uku aka ɗaga kwando aka tarar ta sandare.

Na ce, "Iya, matar muguwa ce ko?"

Ta ce, "Ina fa! Ta fi kowa sonta. Tambayarta ce kawai ba ta yi ba."

Da safe Kawu ya durƙusa ya ce, "Iya, a yafe mini," ya hau babur ɗinsa shi kaɗai. Mu kuwa har tsalle muka yi.

Bayan wasu shekaru ciwo ya kama Iya da damina, ruwa ya yanke hanya, aka rasa yadda za a kai ta asibiti a Gumel. A ɗakinta na ƙasa ta cika. Na daɗe ina jin haushin Kawu, ina cewa tsuntsuwar tatsuniya ta sa ya bar uwarsa ta mutu a ƙauye.

Bana tawa mahaifiyar ma, ƙafa ta fara gagararta. Ni ma na gina mata ɗaki a Gumel, kusa da asibiti. Na je na durƙusa na tambaye ta ko za ta baro ƙauye, ta ce a'a. Wallahi tsoro nake ji duk ran da hadari ya haɗo. Amma ban sake tayar da maganar ba, sai dai na wuce Maigatari na nemi gafarar Kawu.