Kawu Ilu da Gonar da Take Rarrafe

Ni ne ba ni da gaskiya. Gara in faɗa tun daga farko, don na san a cikinku akwai waɗanda suke zaune a ƙofar gidan Mai Unguwa ranar da na ce Kawu Ilu ya taɓu, wasu ma har sun taya ni dariya. To, ku naku yana tsakaninku da Allah, ni dai nawa nake faɗa. Talle ake kirana, kuma kowa ya san dalilin wannan suna: mahaifiyata ta rasu ina tsumman goyo. Kawu Ilu yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san ba a fasa tukunya a ɓoye. Da tulu ya suɓuce daga kan yarinya a hanyar rijiya, kafin ta gama kuka sai ga Kawu da kwandonsa, kamar wanda aka kira a waya. Zai tsaya a kan fasasshen tulun, ya cire hula ya sosa kai, ya ce, “Allahu Akbar! Kwana ya ƙare. Yi haƙuri 'yata, ya yi aikinsa.” Sai ya tsuguna ya tsince tsingaron tas, ya nufi kufai.

Ga waɗanda ba su taras ba, kufan nan shi ne Tudun Kanya, tsohon garinmu. Da rijiyarsa ta ƙafe, iyayenmu suka kwaso komatsansu suka dawo nan bakin hanyar Bagwai, aka buɗe sabuwar maƙabarta. Tsohuwar kuwa aka bar wa awaki da geza. Kawu ne kaɗai bai yarda an tashi ba. Yakan ce, “Rabin gari ne ya yi ƙaura, rabin yana nan kwance.” Kowane kabari sai ya kafa masa tsingaro a kai da ƙafa, bayan damina ya tara masa ƙasa, ya nome ciyawa, ya kewaye wurin da cini-da-zugu. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ya taɓa ce masa sannu.

Kun tuna rigimarsa da Gwaggo Laraba, ƙanwar babana, wadda ta raine ni? Wata rana ya yi sallama a gidanta, fuskarsa a murtuke kamar mai zuwa dubiya.

“Laraba, an ce randarki ba lafiya.”

“Wane munafukin ne ya faɗa maka? Tsagewa ce kawai, zan sa a liƙe ta da siminti.”

“To, Allah Ya sawwaƙe. Bari in ɗan zauna a zaure, kada rai ya yi halinsa ba kowa a kusa.”

Wallahi da ludayi ta jefe shi! Ya ɗauka, ya jujjuya shi, ya mayar mata. “Wannan na duma ne, ba ya cikin aikina.”

Da roba ta cika gari kuwa, abin ya zame masa ciwo. Ranar kasuwar Bagwai, in mai sayar da bokitan roba ya yi masa sallama, zai amsa, tunda amsawa wajibi ce, amma fuskarsa tana kallon masu tukwane. Na taɓa tambayarsa me roba ta yi masa. Ya ce, “Kai Talle, abin da ba ya mutuwa ina albarkarsa? Roba ba ta da lahira.”

In ya shiga maƙabartar, sallama yake yi da ƙarfi kamar mai shiga gidan surukai. Daga nan sai ya bi layi yana ba da labari. “Malam Bawa, jikanka ya yi aure, amma ba ka yi asarar kallo ba, tuwon ɗanye ne. Iya Mai Daddawa, gidan ɗanki an mayar da shi shagon caji.” Mu da muke noma a kusa mukan bar fartanya mu kasa kunne, mu yi ta ƙyalƙyala dariya a cikin dawa.

Wata shekara aka ga ya dasa cini-da-zugu a tsakiyar maƙabartar, tsakanin kaburbura biyu. Liman da kansa ya taka ya je.

“Malam Ilu, shinge a waje ake yi. Wannan na ciki na mene ne?”

“Allah gafarta Malam, wannan Bawa ne, wancan Sarkin Fawa. Har suka bar duniya ba sa ga-maciji, a kan wani jaki. Waɗanda suka haɗa su wuri ɗaya ba su yi tunani ba.”

“Haba Malam Ilu! Ai mamata ba sa faɗa.”

“Malam, kai ka san littafi. Ni kuwa na san Bawa.”

Liman ya gyara rawaninsa ya tafi. Shingen yana nan har yau.

Sai kuma shekarar da masu tifa suka gano akwai marmara mai kyau a gindin tudun. Suka fara haƙa daga yamma, kullum ramin yana matsowa. Mu duk muka yi ta cewa Allah Ya kyauta, muna zaune a inuwa. Kawu kuwa ya ɗauki tabarmarsa ya nufi tudun. Da hantsi direba ya iso ya tarar da tsoho ya shimfiɗa tabarma a daidai inda za a haƙa, ya kwanta a gefensa na dama yana fuskantar gabas, ya ja mayafi har wuya.

“Baba, lafiya? Tashi mana, aiki za mu yi!”

“Yi aikinka, ɗana. Na ga za ka kwashi mutanen gidanmu ne, shi ne na ce ka fara da ni. Ni ne autansu.”

Direban ya leƙa bayan Kawu, ya ga tsingaro jere a layi har iyakar ganinsa. Ya ce wallahi shi an ce masa fili ne. Ya sauko daga mota, ya cire takalmi, ya ɗaga hannu ya yi addu'a, yaransa suna amsawa. Kawu ya leƙo daga cikin mayafi ya ce, “Ƙara Ƙulhuwallahu, ɗana, suna da yawa.” Tifa ba ta sake dawowa ba.

To, baƙo ya ji tsoron Allah ya juya. Ni ɗan gida ne ban juya ba.

Gonar da na gada ita ce ta yi iyaka da maƙabartar ta kudu. Kun san halin ƙasarmu, gona ba ta ƙaruwa, bakuna ne suke ƙaruwa. Kowace shekara in na ɗaura wa shanu garma, sai in ɗan karkata hannu, huɗa ta ci taki guda cikin shingen. Ina ce wa kaina, wannan ɗan wurin ai ba kowa a ciki. Kawu yakan zo ya tsaya, hannu a baya, ya dubi huɗar, ya dube ni.

“Talle, barka. Na ga gonarka ta fara rarrafe. In Allah Ya kai mu baɗi sai ta miƙe da ƙafarta.”

“Kawu, idonka ne. Inda take nan take.”

“Haka ne. Maƙabartar ce take matsowa, don tana son dawa.”

Nakan yi dariya in ci gaba. A shekarar da na aurar da 'yata ta fari kuwa, rarrafe bai ishe ni ba. Na tumɓuke shingen kudu gaba ɗaya, na tsince tsingaron da na taras na zuba a gindin kanya, na shiga da garma. Kawu ya kai ƙara wurin Mai Unguwa. A gaban jama'a na miƙe na ce, “Ranka ya daɗe, mamata ba sa cin tuwo, 'ya'yana kuwa suna ci. Kawu kuma kowa ya sani, mutumin da yake hira da kaburbura ai tsufa ya taɓa masa kai.” Aka yi dariya. Ba wani mai rai da ya tuna ainihin iyakar sai shi, ni kuma na riga na zubar da shaidarsa.

Sai Kawu ya ce, “Gaskiya yaron nan ya faɗa, ba sa cin tuwo. Shi ya sa ban taɓa samun maƙwabta masu sauƙin hali kamarsu ba.” Ya ɗauki kwandonsa ya fita. Wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Dawa ta yi kyau a wurin, kyan da ban taɓa gani ba, kara kamar rake, ganye har baƙi-baƙi. Na ci wannan shekarar, na ci ta gaba. A damina ta uku aka yi marka, ruwa ya kwana ya wuni. Da ya ɗauke na tafi duba gona da safe. Can cikin dawata, ba ma a baki ba, na hango bayan mutum tsirara, daga shi sai wando da hula. Kawu ne a durƙushe cikin taɓo, haƙarƙarinsa duk a waje, jikinsa yana ɓari. Rigarsa, ita ke nan gare shi ta kirki, ya shimfiɗa ta a ƙasa ya danne gefunanta da hoge.

Ƙasa ce ta rufta. Da na matso, ta gefen rigar na ga bakin tsofaffin tukwanen nan da ake rufe mamaci da su, a jere yadda aka kifa su tun ran farko. Saiwar dawata ta ratsa tsakaninsu ta yi ƙasa, fara fat, kamar yatsu. Jama'a, nan na durƙusa kusa da shi a cikin taɓon. Dawar nan aka yi mana tuwo da ita. Da ita na yi sadaka ranar Juma'a ina jin kaina mutumin kirki.

Na jira ya zage ni. Bai ko ɗago kai ba. Ya ce, “Kawo hannu, Talle. Ba a barin mutum a buɗe.”

Muka gyara tukwanen, muka cika ramin da hannu. Da muka gama na ce, “Kawu, na wane ne?”

“Na mutum ne.”

Da na ba Gwaggo Laraba labari, ta dafe ƙirji ta yi salati. Ta ce mata ba sa raka gawa, amma ta ji daga bakin babana cewa ta ɓangaren kudu aka sa mahaifiyata. Ban tsaya neman takalmi ba, na ruga wurin Kawu. Na same shi yana shanya rigarsa.

“Kawu, don girman Allah, ita ce?”

“Ban ce ba.”

“To nuna min nata. Kai ka sa ta a ciki da hannunka!”

“Ni na sa ta. Na san wurin kamar yadda na san ƙofar ɗakina.”

“Shekara da shekaru kana kallona ina shiga da garma, me ya hana ka faɗa min? Kalma ɗaya da ta ishe ni!”

Ya matse bakin rigar, ya dube ni. Ban taɓa ganin idonsa haka ba, ba wasa a ciki ko kaɗan.

“Na sani. Da na faɗa maka, da ka kewaye na uwarka, ka dasa masa bishiya, ka nome sauran. Su sauran ba su haifi kowa ba ne?”

Har ya koma ga Allah bai nuna min ba. Na roƙa, na aika Liman, na aika Gwaggo. Amsarsa ɗaya ce: “Tana ciki.”

Washegari na sassare dawar nan ɗanya na zuba wa shanu, na ja gonata baya har na wuce inda babana ya bar ta. Na mayar da shinge. Na riƙa bin Kawu da shebur bayan kowace damina. Amma ga laifina na biyu, wanda ya fi na farko ci min rai: a gaban jama'a na ci mutuncinsa, ban kuwa taɓa buɗe baki na ce ya yafe min ba, ko a ɓoye. In na ɗauko maganar sai in fasa, in ce gobe. Shi kuma sai ya yi ta zolayata, ni ina fakewa a bayan dariya.

Bara da bazara ya kwanta, ciwon bai daɗe ba. Da aka sallaci gawarsa aka ɗauka za a nufi sabuwar maƙabarta, Liman ya ɗaga hannu ya ce akwai wasiyya. Ya yi gyaran murya, yana ƙoƙarin daure fuska.

“Malam Ilu ya ce a kai shi Tudun Kanya. Ya ce a sa shi a kudu, daidai bakin gonar Talle, don in gonar ta sake tashi tafiya, ta fara cin karo da shi.”

Manyan mutane suka riƙa cusa baki a hannun riga, kafaɗu suna rawa, ga makara a kafaɗa. Ni ma na yi dariyar, hawaye yana shiga bakina. Maƙabartar da aka daina kai kowa tun ina goye, ranar ta cika maƙil, kowa yana tambayar na kusa da shi ina kakansa yake.

Da aka shafa fatiha jama'a suka watse, na ƙi tashi. Rana tana dukan ƙeyata, ƙasar kabarin da ɗanshinta. Na dafa ta na ce, “Kawu, ni ne Talle. Ranar nan a ƙofar Mai Unguwa ƙarya na yi maka, kanka ƙalau yake, kwaɗayina ne ya yi magana. Ka yafe min.” Sannan na juya na fuskanci sauran, tun daga kudu har gindin kanya, don ban san inda zan tsayar da idona ba. “Inna, duk inda kike a cikin nan, da ku duka iyayen mutane, na taka ku, na ci daga kanku. Ku yafe min. Allah Ya yalwata muku makwanci, Ya haskaka shi. Allah Ya jiƙan Kawu Ilu, Ya rufa masa asiri kamar yadda ya rufa naku. Amin.”