Makullin Moto da Fatiha Uku

Ni dai ban taɓa neman gudu ba. Tun ranar da malamin ajinmu ya biyo ni da bulala na bar lakwal a aji uku, ban sake ganin dalilin da zai sa mai hankali ya ɗaga ƙafa biyu a lokaci guda ba. Abin da ya sa na yi kilomita ashirin da ɗaya, ko in ce kusan haka, ina da furfura har a gira, shi ne wani ɗan Maraɗi da Allah ya jarrabe ni da abotarsa.

Alhajin nan atamfa yake sayarwa kafin ya bar wa 'ya'ya shago. Amma ainihin sana'arsa halartar fatiha ce. Shekara arba'in a Yamai, ba a yi suna ko ɗaurin auren wanda ya sani ba tare da an ga tsohon motonsa, wato babur ɗinsa, jingine a bakin rumfa ba. Idan liman ya waiga bai gan shi ba, sai ya ɗan jinkirta.

To wata rana jiri ya kwashe shi a kan moton, ya zube a gefen gudron, wato titin kwalta. Tansiyo ce ta hau, wato hawan jini. Babbar 'yarsa, wadda take majo, wato babbar ma'aikaciyar jinya, a wani asibiti, ta zo ta ɗauke makullin ta jefa a jakarta. Aka sa shi kan magani, aka hana shi gishiri, ya haƙura. Makullin ne bai haƙura ba. Taksi ba ta san lokacin fatiha ba, sai ta zaga da shi rabin gari ta sauke shi ana naɗe tabarmi. Daga baya ya daina fita. Wata biyu yana zaune a zaure yana jera katunan gayyata kamar mai duba. Har wani ya zo daga unguwar Banifandou yi wa iyalinsa ta'aziyya, ya tarar da mamacin yana shan fura.

Ina wurin ranar da ya roƙi 'yar karo na ba adadi. Ta gaji, ta nuna masa wata sanarwa a salularta.

"Baba, ka ga wannan gudun da za a yi? Rabin maraton. Ranar da ka kawo mini lambar yabonsa, in ba ka makullinka."

Wasa take yi, har tana dariya. Alhaji ya juyo gare ni.

"Malam, ka ji?"

"Na ji."

"To kai ne shaida."

Ta so janyewa, ya ce maganar da aka yi gaban shaida ba ta komawa ciki. Ta kai shi wurin likita don a hana shi, likitan ya auna ya sake aunawa, ya ce tansiyo ta sauka, in zai bi a hankali ya je. A hanyar gida na kawo masa hujja ta ilimi. Na ce, "Alhaji, wanda ya iya gudun kilomita ashirin da ɗaya, me zai yi da moto?"

Ya dube ni da tausayi. "Shi ya sa aka kore ka daga lakwal. Ana zuwa fatiha da gumi?"

Ban san yadda shaida ya koma ɗan tsere ba, amma wata uku muna fita hanyar Tondibia bayan sallar asuba. Masu kai kabewa kasuwa a kan jakuna suna wuce mu suna yi mana sannu. Gajeren wando kuwa muka ce ba da mu ba. Gwiwar da surukai ba su taɓa gani ba, ba za a baje ta wa dukan Yamai ba. Muka tsaya kan dogon wando, riga 'yar shara da takalmin kambas.

Ranar Lahadi aka yi abin. Aka maƙala mana lamba a ƙirji da allura, aka karanta doka da Faransanci, na fassara wa Alhaji iyakar abin da aji uku ya ba ni: ƙarfe bakwai a tashi, ƙarfe goma sha ɗaya a naɗe tebur, wanda bai iso ba babu lambar yabo. Ambilans kuma za ta bi bayan na ƙarshe, in ya faɗi ta kwashe.

Ana shirin busa usur na ga aljihunsa ya yi tudu. Na taɓa. Hula ce a naɗe, da katuna uku.

"Mene ne wannan?"

"Duk a kan hanya suke," in ji shi. "Na duba taswirar. Allah ne ya tsara."

Wanda ya san Yamai ya san safiyar Lahadi ba ta 'yan gudu ba ce, ta masu suna da aure ce. Kowane layi da rumfarsa.

Aka busa, jama'a suka ɓace kamar an share su. Kafin mu yi kilomita biyu mun zama na ƙarshe, ambilans ta manne mana a baya tana tafiya kamar mai rakiyar amarya. Direbanta wani Bazabarme ne mai ƙaton ciki, ya leƙo ya ce, "Baba, in kun gaji ku faɗa mini, akwai gado ɗaya, sai ku raba."

A unguwar Koira Kano muka yi fatiha ta farko, suna ne. Alhaji ya karya kwana ba sigina, ya sa hula, ya tuɓe kambas, ya shiga sahu da lambarsa a ƙirji. Aka raɗa, aka shafa, aka ba mu dabino. Wannan ba ta ci mana lokaci sosai ba, sai dai gaisuwa. Alhaji ba ya gaisuwar tsaye-tsaye. Sai ya tambayi gida, da gajiya, da mai jego, da ƙafar kakan jaririn. Ni ina jan rigarsa ina nuna agogo.

Muka koma kan gudron. A wurin ba da ruwa har sun fara tattara ledoji, wata mata ta ce ta ɗauka an gama.

Ta biyu a Banifandou, ɗaurin aure. Nan direban ya yi kuskuren ajiye ambilans daidai ƙofar gidan amarya. Mata suka hango ta, suka ga tsofaffi biyu sun shigo suna haki ba sa iya magana, sai kuka ya tashi daga cikin gida. Uban amarya ya fito babu hula yana tambayar wa ya rasu. Kafin Alhaji ya samu numfashin cewa kowa lafiya, wata gwaggo ta riga ta zube a tsakar gida. Direban da kansa ya shiga ya yi mata fifita, ya fito ya tuɓe takalmi ya zauna a sahu, ya ce tun da ya zo ba zai tafi babu albarka ba. Haka aka ɗaura auren nan da ambilans a ƙofa. Na ji an ce har yau suna zaune lafiya.

Daga nan rana ta buɗe ido. Ƙafafuna suka daina karɓar umarni daga gare ni, suna tafiya ne don ganin na Alhaji suna tafiya. Shi kuwa sai haki yake. Leɓensa ya bushe, hular tana hannunsa ya matse ta.

Saura kilomita biyu da 'yan kai muka hango rumfa ta uku. Wannan ba irin sauran ba ce. Mai gidan tsoho ne da ya ba Alhaji wurin kwana a shagonsa lokacin da ya sauka Yamai da jaka ɗaya, yau kuma autansa yake aurarwa. Na duba agogo, saura minti ashirin da biyar. Na duba rumfar, wurin liman babu kowa, ana jiransa.

Alhaji ya tsaya tsakiyar titi. Ya dubi rumfar, ya dubi hanya. Direban ma ya kashe mota.

"In na zauna, makulli ya tafi," ya ce, ba da ni yake ba.

"Ya tafi."

"In na wuce, na wuce gidansa ana fatiha. Ni."

Aji ukuna bai kai nan ba. Can sai ya miƙo mini hular da katin.

"Malam, na wakilta ka."

"Ni da na yi kilomita goma sha tara?"

"Kai me za ka yi da lambar yabo? Ko keke ba ka da shi."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Na karɓi hular na ɗora, ta sauko mini har kunne. Shi kuma ya kawar da fuska gefe, ya wuce gaban rumfar da ɗan gudunsa na agwagwa, bai waiga ba.

Na shiga na zauna, mutane suka ɗan matsa saboda abin da Alhaji ya faɗa game da gumi. Mai gidan ya ƙura wa titi ido.

"Wancan ba Alhaji ba ne?"

"Shi ne. Ni ne shi yau."

"Ina za shi?"

"Karɓo makullin motonsa."

Tsohon ya jinjina kai kamar na faɗi abin da kowa ke yi ranar Lahadi. Da liman ya iso aka ɗaura, sai ya ce a ƙara fatiha ɗaya don wani bawan Allah da ke kan hanya. Aka ƙara. Na so tashi, gwiwoyina suka ce sun yi ritaya. Mutum biyu suka ɗaga ni zuwa ambilans, wadda ta tsaya jirana tun da yanzu ni ne na ƙarshe. Na ƙi gadon, na zauna gaba da ledar dabino a cinya.

Mun iso an naɗe tebur. Na hango Alhaji kwance ƙarƙashin bishiyar bedi, wani faifan ƙarfe a wuyansa, 'yarsa durƙushe tana auna shi tana faɗa, idonta jawur. Makullin yana cikin tafinsa, ya damƙe har ya yi masa shaida. An ce yana isowa mai tebur ya riga ya kama ƙafar teburin.

Ya buɗe ido ya gan ni. Bai tambayi lafiyata ba.

"An shafa?"

"An shafa."

"Ya tambaye ni?"

"Ya ce wakilinka ya fi ka natsuwa."

"Ƙarya kake," ya ce, ya rufe ido.

Lahadin da ta biyo, ina fitowa daga masallaci na ji ƙarar tsohon moton a ƙofar gidana. Ya sa kaske, hular kwanon masu moto, a kan hula, sharaɗin majo ne. Ya ce in hau, gidan tsohon nan za mu fara zuwa ya ba da haƙuri da bakinsa, daga can akwai suna biyu. Sai da maƙwabcina ya ɗaga mini ƙafar dama na iya haye sirdin.