Layin da Mai Almakashi Ya Yanke

Mai rayawa da kashewa ya karɓi aronsa. Daga gare shi muka fito, can kuma duk za mu tattara. Da hantsin ranar Laraba, goma sha huɗu ga watan Mayu, ina tsugune a bayan kantar wani shagon sayar da firinta ina matse kan igiyar intanet, saƙo ya shigo wayata cewa ka rasu, Malam, a asibiti bayan gajeriyar jinya. Na zauna a ƙasa da filaya a hannu, na jira hawaye, ba su zo ba.

Na je gidanka gaisuwa. Matarka, wadda nake kira Yaya tun ina sabuwar ma'aikaciya a ƙarƙashinka, ta riƙe hannuna a bakin ƙofar falo ta ce, "Ƙanwata, ya bar mini saƙonki. Ya ce in roƙe ki ki yafe masa." Na ce, "Me ya ce ya yi mini, Yaya?" Ta ce, "Bai faɗa ba. Ya ce kin sani." Na sani kuwa. Na zare hannuna na shige ciki ba tare da na ce e ko a'a ba, kuma tun ranar take kirana ina kallon wayar har ta katse. Wannan rubutu shi ne amsar, amma da kai nake, Malam, ba da ita ba.

A wurin aiki Mai Almakashi muke kiranka, kana sane, kana kuma jin daɗin sunan. Kamfaninmu yana haɗa ƙananan na'urori da ake ajiyewa a ƙananan asibitoci, su ne ke aika sakamakon gwaji zuwa babban ɗakin bincike su kuma karɓo amsa. Kowace na'ura tana da kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da ita, kuma kai ne kake yanke shawarar abin da zai shiga cikin kanel ɗin da abin da za a bari a waje. A fayil guda ake rubuta wannan shawara, mai dogon jerin layuka, kowane layi da harafinsa: y a gina shi a ciki, m a ajiye shi gefe sai an buƙata, n a rabu da shi. Kai kuwa n ne abokinka. Duk abin da ba ka ga amfaninsa da idonka ba sai ka datse shi, kana cewa na'ura mai ƙiba ragguwa ce.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, kai ka koya mini wannan aiki. Ranar da na fara, babu kujerar da zan zauna, ka tura mini taka ka jawo kwalin tsohuwar na'ura ka zauna a kai har aka tashi. Kai ka nuna mini cewa katin sadarwa, inda ake cusa igiyar intanet, kurma ne kuma bebe har sai an ba kanel direbansa, ɗan shirin da ke fassara tsakaninsu. Kai ka nuna mini cewa babu direban da ke tsaye shi kaɗai, kowanne yana jingine da wani sashe a ƙarƙashinsa, wannan ma yana jingine da wani. Da wani abokin aikinmu ya ce mace ba za ta iya da kanel ba, ka sa shi gina guda a gabana, ka bar shi yana gumi har ya nemi in taimake shi. Da mahaifina ya yanke jiki ya faɗi, a motarka aka kai shi asibiti, ka tsaya a layin magani kamar ɗansa. Duk wannan ka yi, kuma shi ya sa abin da ya biyo baya ya ƙi narkewa a raina.

Kana da taurin kai irin wanda ba a tanƙwarawa. Akwai menu, wato jerin zaɓi a fuskar kwamfuta, da aka tanada don zaɓar waɗannan layuka, wanda idan ka kashe sashe na ƙasa zai ɓoye duk direbobin da ke jingine da shi, ka gani da idonka cewa sun tafi. Kai ka ce menu na ragwaye ne. Da hannu kake buɗe fayil ɗin kana gyarawa, kana kurɓar shayi, kana yi wa duk wanda ya leƙo kallon uku saura kwata.

A haka ka datse layin da ke kula da ramin da ake soka katin sadarwa a jikin allon da ke cikin na'ura. Na'urar gwaji da ke kan teburinka ba ta buƙatarsa, domin nata katin manne yake da allon tun daga masana'anta. Na'urorin asibitoci kuwa katinsu a wannan ramin yake. Layin direban katin yana nan a fayil ɗinka da y ɗinsa, ba ka taɓa shi ba. Amma shirin da ke gina kanel ba ya jayayya da kowa. Da ya ga an cire abin da direban ke jingine da shi, sai ya zubar da direban shiru ya ci gaba da aikinsa.

Ni ce mai gina kanel ɗin da tura shi zuwa na'urorin asibitoci. Na ce maka, "Malam, a bari in samo irin ta asibiti in gwada kafin mu tura." Ka ce, "Ni na ce ya yi. Ko yau kika fi ni sani?" Na tura. Na'urorin suka karɓi sabon kanel, suka kashe kansu suka tashi, kowacce fitilarta na ci, amma babu wadda ke jin kira. Na'urar da ba ta da sadarwa ba a gyara ta daga nesa. Sai da muka bazu a tituna, wasu a babur wasu a motar haya, asibiti bayan asibiti, muna durƙusawa a ƙarƙashin tebura. A wani wuri wata ma'aikaciyar jinya ta nuna mini bencin da marasa lafiya ke zaune suna jiran sakamakon da ya maƙale, ta ce, "Baiwar Allah, ku ne kuka yi mana wannan?" Tun a asibitin farko na gano abin da ya faru, na kira ka na faɗa maka. Ka ce, "Ki dawo tukuna."

Ranar zaman bincike ka zo da fayil ɗinka, ka haska shi a bango, ka ɗora yatsa a kan layin direban ka ce, "Ga shi nan a kunne. Daga hannuna lafiya ya fita." Haba Malam! Kai da ka koya mini cewa y ba ya nufin komai idan an janye masa ƙafa. Na miƙe na yi bayani. Manaja bai san kanel ba, bai kuma yi ƙaryar ya sani ba. Ya juya ya dube ka, duk ɗakin ya dube ka. Kalma ɗaya ake nema daga bakinka. Ka ɗauki kofinka ka kurɓa.

Aka sallame ni. Wannan sana'a ƙaramar unguwa ce, kowa ya san kowa. Duk inda na kai takarduna sai a yi murmushi a ce, "Au, ke ce ta asibitocin nan." Ni da nake gina kanel, na koma matse kan igiya a shagunan mutane. Na tare ka a wurin ajiye motoci, ka ce in bari abin ya lafa, za ka yi magana. Na sake tare ka, ka ce manaja ya yi tafiya. Daga baya ka fara turo mini masu ƙananan gyare-gyare, kowa ya zo ya ce, "Mai Almakashi ne ya ce in zo wurinki, ya ce hannunki na da kyau." Wallahi duk wanda ya faɗi haka sai na ji kamar ya watsa mini ruwan zafi. Ka gwammace ka zama mai taimakona da ka zama mai laifina, kuma ka so in gode maka.

Abin da ya ƙarasa ni a zaman makokinka na ji shi. Tsofaffin abokan aikinmu na zaune a tabarma suna jera alherinka, manaja na cewa tunda yake bai taɓa ganin ka yi kuskure ba. Sai ɗayansu ya ce ai bayan tafiyata ka ƙara wani bincike a cikin shirin gini, wanda ke kwatanta abin da aka nema da abin da ya fito, ya tsayar da komai idan wani direba ya ɓace. Ya ce da sunana suke kiran binciken a ofis, wai maganin irin kuskurena. Ya faɗa yana dariya, ya manta ina bayan labule. Ashe ka san ciwon har ka haɗa masa magani, ka kuma bari aka liƙa masa sunana kana ji kana gani. Ko a gadon asibiti, da ka ga tafiya ta zo, ba ka iya buɗe baki ka faɗa wa matarka abin da kake neman a yafe maka ba. Ka bar mata saƙo rabi, ka bar mini sauran aikin kamar yadda ka saba.

To na ƙarasa maka. Kai ka yanke layin, ni aka kora. Wanda zai yarda ya yarda, wanda zai ce na jira sai da ƙasa ta rufe bakinka ya ce. Bakin nan shekaru yana buɗe, ban ga abin da ya fito daga cikinsa ba.

Yaya, ki yi haƙuri da ni. Ba ki ci mini komai ba, kuma na san wanda kika rasa ba shi ne wanda na rasa ba. Allah ya ba ki dangana, ya raya yaran, ya sa su gaji kaifin kan mahaifinsu da tausayinsa. Ina yi wa mahaifiyarsa da 'yan'uwansa ta'aziyya, Allah ya sanyaya zukatansu. Shi kuma Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa kabarinsa, ya saka masa da tsayuwar da ya yi wa mahaifina, ya sa in tamu ta zo mu cika da imani.

Amsar saƙonka, Malam, ga ta. Na yafe. Ba don zuciyata ta huce ba, ba ta huce ba. Na yafe ne don akwai wani zama a gaba, inda babu manajan da za a rufe wa ido, kuma ba na so a kira ni in sake tsayawa kusa da kai.